Ajiyar Yaya a Bakina

Yayana ba ya rubuta waƙa a takarda, ko da yake ya iya. Ya koyi rubutun kiɗa irin na Turawa a wurin wani tsohon ɗan badujala, amma idan ya tsara waƙa sai ya yayyanka ta, ya raba wa mutane, kowa ya riƙe nasa a ka. Yana kiran wannan ajiya. Zai zaunar da kai ya yi ta maimaita maka rabonka har ya zauna maka daram, sannan ya ce, "To, na ba ka ajiya," ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Ba ya yarda kowa ya ji rabon wani sai ranar haɗawa, wai idan ka ji na wani za ka jingina da shi, naka ya yi laushi. Ni kuwa tun a lokacin na ɗauki abin son girma ne kawai. Yana so ya zama shi kaɗai ne a duniya ya san yadda waƙar za ta kasance.

Ni 'yar Inugu ce, in dai haihuwa da girma suna mai da mutum ɗan gari. Babanmu ɗan kasuwa ne daga Kano, yana da rumfar wake da albasa a kasuwar Ogbete, da gida mai rufin kwano a unguwar Ogui. A gidan aka haife ni, kuma na iya harshen Ibo a wurin wasan ƙasa kafin Hausata ta miƙe. Yaya kuwa a Kano aka bar shi wurin kakarmu, sai da ya gama makaranta ya zo. Har ya bar garin, abin da ya sani na harshen bai wuce gaisuwa da cinikin doya ba. Saboda haka ni ce tafintarsa. Duk inda magana ta yi nauyi sai ya aiko a kira ni, na bar abin da nake yi na je na tsaya a tsakani.

Aikinsa a wani ƙaramin ofishin gwamnati ne da ke shirya gasar kaɗe-kaɗe da raye-raye ta shekara-shekara. Shi ne Bahaushe tilo a wurin, don haka duk abin da ya shafi mutanenmu, daga Inugu zuwa Anaca zuwa Fatakwal, a wuyansa yake. Yawancin aikin ba shi da alaƙa da kiɗa: neman motar da za ta kwaso makaɗa, aron bencina, raba faɗa tsakanin ƙungiyoyin da kowacce ta rantse ita za ta fara hawa dandali. Yakan ɗora kwat a kan kaftani, ya rataya jaka, ya fita yana taƙama kamar shi ya gina ofishin. Baba bai taɓa son aikin ba. Idan abokansa na kasuwa suka tambayi abin da ɗan yake yi, sai ya ce akawu ne, ya sauya magana. Ya rasu bai taɓa zama ya saurari waƙar ɗansa ko ɗaya ba, aka binne shi a maƙabartar mutanenmu ta bayan gari.

Bayan an yi arba'in Yaya ya fara waƙar Baba. Malaman unguwa sun yi ta ƙorafi, suna cewa mamaci addu'a yake buƙata, bai kula su ba. Waƙar ta baƙo ce, wanda ya bar garinsu neman abinci, ya mutu inda ya je, ƙasar wurin ta karɓe shi. Ya yi niyyar a yi ta a ranar ƙarshe ta gasar, kuma kamar yadda ya saba sai ya rarraba ta. Kalangu ya ajiye wurin wani mahauci a Ogbete. Goge ya kai wa wani tsoho mai sayar da busasshen kifi a Anaca, kusa da bakin gada. Muryoyin maza ya ba wasu 'yan dako a Fatakwal, samarin ƙauyukan Arewa da suka saba waƙa idan suna sauke kaya daga jirgin ruwa. Amshi kuwa ya ba ni, don da harshen Ibo ya so a yi shi, tun da ƙasar ce take magana. Da Hausa ya faɗa mini ma'anar, ni na juya: ka sauke kayanka, baƙo, an shimfiɗa maka tabarma. Ina makarantar horon malamai a lokacin, kuma shirin shi ne na koya wa 'yan mata abokan karatuna idan lokaci ya yi.

Ƙashin bayan waƙar ba na Yaya ba ne. Akwai wani mai haƙar kwal, Ibo, abokin Baba ne na shekara da shekaru, wanda ya saba zama a rumfarmu idan ya taso aiki, su biyu suna hira da Turancin kasuwa suna cin gyaɗa. Yana buga ogene, wato irin kugenmu, ƙarfe mai baki biyu da ake kaɗawa da ɗan sanda. A ƙauyensu akwai wani kiɗa da ba a yin sa sai idan za a binne dattijo. Yaya ya taɓa jin sa sau ɗaya, ya kasa barci, ya nace sai an ba shi. Mutumin ya ce ba nasa ba ne shi kaɗai. Sai da ya je ƙauye da goro da akuya, dattawa suka zauna a kai, sannan ya dawo da sharaɗi: an ba da aro saboda Baba, a wannan waƙa kaɗai, kuma ba a yi wa mai rai. Ni na fassara sharaɗin a zaurenmu, kalma bayan kalma. Yaya ya dafa ƙirji ya ce ya ji, ya ɗauka.

Kiɗan a hankali yake tafiya, kamar mutumin da ya ɗauko buhu daga nesa. Bayan bugu mai nauyi hannun yakan ɗan tsaya, kuma a wannan ɗan tsayawar nake shiga da amshina. Ni kaɗai aka yarda na ji rabon wani, domin nawa ba shi da ƙofa sai ta nasa. Ranar Lahadi da yamma mai ogene yakan zo, ya zauna a kan turmi, ya buga, na shiga, Yaya yana tsaye ya rufe ido yana jin sauran a kansa. Na so Baba ƙwarai, kuma ban yi masa kukan da ya kamata ba ranar da ya rasu, saboda hidimar baƙi ta sha kaina. Na ajiye kukan sai ranar da za a haɗa waƙar.

Ba a haɗa ta ba. Shekarar da soja suka yi juyin mulki har sau biyu ta zo, aka ɗage gasar, sannan jiragen ƙasa suka fara isowa daga Arewa cike da 'yan Ibo, wasu da raunuka, wasu an sauko da su a kwance. Na ga wata mata a tasha tana ta kiran sunan ɗanta a kowane tarago. Ban ga laifin fushin garin ba, amma a kanmu ya sauka, mu da ba mu taɓa kowa ba. Maƙwabciyar da muke aron gishiri da ita ta daina amsa gaisuwata. An tare mahaucin nan mai kalangu a hanyar mayanka da safe, bai koma gida ba. Mai ogene ne ya zo da rana tsaka, ya kwashe mu, ni da Inna da Yaya, ya kai mu ɗakinsa a barikin 'yan kwal, ya ce wa maƙwabtansa duk wanda ya taɓa mu, shi ya taɓa. Mun kwana biyu a can muna magana da raɗa, har aka ba da sanarwa cewa duk wanda ba ɗan yankin ba ne ya fita. Shi ya ɗauki akwatin Inna a ka har tasha. Da za mu shiga jirgi ya riƙe hannun Yaya ya ce mini, "'Yata, ki gaya masa ya kula da abin da na ba shi." Na gaya masa.

Kano ta karɓe mu kamar yadda ake karɓar dangin da suka zo ba zato, kuma ba ranar komawa. An ba mu ɗaki ɗaya a gidan kawunmu. Matan gidan suna kwaikwayon Hausata idan na juya baya, wani lokacin ma ba sa jira na juya. Ranar da na yi tuntuɓe a kasuwa kalmar Ibo ta suɓuce mini, layin gaba ɗaya ya juyo yana kallona, Inna ta ja ni gida. Daga ranar Yaya ya hana ni yin amshin ko a banɗaki. Shi kuwa ya yi watanni yana yawo da kwat ɗinsa daga ofis zuwa ofis, ana ce masa ya dawo gobe. Na san ya sha wuya. Na ga yadda yake kawar da kai idan kawu ya miƙo masa na cefane. Ina faɗin wannan ne don kada a ce na ɓoye uzurinsa.

Da yaƙi ya ɓarke sai aka tuna da shi. Ana neman waƙoƙin da za su ƙarfafa soja, su sa samari su shiga aikin, kuma ga mutumin da ya iya tara makaɗa ya sa su yi abu cikin mako guda. Wata rana da hantsi ina wanki a tsakar gida, rediyon kawu yana kan taga, sai aka sako sabuwar waƙa. Ganguna, ƙaho, muryoyin maza suna cewa ga su nan tafe, a share musu hanya har Inugu. A ƙarƙashin duk wannan akwai ƙarfe yana bugawa. Kafin kaina ya gane, bakina ya buɗe zai shiga da amshi. Kiɗan mai ogene ne, an ƙara masa sauri don ya dace da takun soja, an toshe ɗan tsayawar nan da bugun ganga. Na zauna a gefen baho, hannuwana cikin kumfa, matar kawu tana tambayata ko kunama ce.

Da ya dawo na tare shi a soro. Ya ce kiɗa ba shi da ƙabila, ya ce ya sauya shi har ba mai gane shi, ya ce an ba shi kwana kaɗan ne kuma abin da ya zo masa ke nan. Na tuna masa cewa da bakina aka ɗaura sharaɗin. Sai ya ce, "Ke da Inna za ku ci sharaɗi ne?" Ni ma na ci tuwon da waƙar ta kawo, ban ƙi ba. Waƙar ta kama gari. Yara suna yin ta a hanyar makaranta, sojoji suna yin ta a bayan manyan motoci. Aka ba Yaya kujera a ofishin al'adu, daga baya aka ba shi ofishin gaba ɗaya, da mota, da gida a unguwar ma'aikata. Ya daina ɗora kwat a kan kaftani, ya koma babbar riga.

Bayan an gama yaƙi aka ɗora masa shirya wani babban taron kaɗe-kaɗe na sasanta jama'a. Sai ga shi a gidana, lokacin na yi aure ina koyarwa, yana murna kamar yaro. Wai lokacin waƙar Baba ya yi. Za a haɗa ta a gaban manya, Hausa da Ibo a dandali ɗaya, kuma yana so na raka shi mu karɓo ajiyoyinsa. Na ji haushin yadda ya faɗe ta, kamar wanda ya bar kaya a tasha zai je ɗauka. Amma na shirya, domin ni ma ina so. Shekarun nan duka kukan yana nan inda na ajiye shi.

Mun fara da Fatakwal. 'Yan dakon da ke bakin ruwa sababbi ne, ba wanda ya san na da. Wani ya ce an loda su a manyan motoci tun farkon rikici, kowa ya koma ƙauyensu, kuma Yaya bai taɓa tambayar sunan ƙauyen ko ɗaya daga cikinsu ba. A Anaca kasuwa ta ƙone, gadar ma an karya ta. Wata mai tuyar ƙosai ta tuna da tsohon mai kifi, ta ce tun kafin a karya gadar ta ga ya haye da gogensa a saɓe, ba ta ƙara jin labarinsa ba. Yaya bai damu sosai ba. Ya ce duk waɗannan yana da su a ka, zai koya wa wasu. Ogene kaɗai yake buƙata daga hannun mai shi, don manya su ga Ibo na gaske a dandali.

A Inugu gidanmu na Ogui yana nan, wasu ne a ciki, an shanya kaya a igiyar Inna. Ba mu shiga ba. Mun sami mai ogene a gefen Ogbete, yana sayar da gawayi a gwangwani. Ya rame har sai ta murya na gane shi. Ya tashi ya rungume ni, ya tambayi Inna, ya ba Yaya hannu, ya ba mu benci. Yaya ya yi bayani mai tsawo a kan taron da motar da za a aiko da masaukin da aka tanada, ina fassarawa. Mutumin ya saurara har ƙarshe yana kallon gawayinsa.

Sannan ya yi magana, a hankali, ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya ce sun ji waƙar. Da farko a rediyo, daga baya a bakin sojojin da suka shigo ƙauyensu. Ya ce dattawa sun kira shi suka tambaye shi ta ina kiɗan ya fita. Ya ce a shekarar yunwar yaƙi babban wansa ya mutu, wanda shi ne ya sa baki aka ba da aron. Da aka zo binne shi ya ɗauko ogene ya fara bugawa, sai mata suka toshe kunne, yara suka ruga daji suna tsammanin soja ne suka dawo. Aka karɓe ƙarfen daga hannunsa, aka binne dattijon shiru. Tun daga ranar ba a ƙara yi wa kowa kiɗan ba a ƙauyen.

"Ki gaya masa ba ma nema ya dawo da shi," in ji shi. "Ya riƙe. Nasa ne yanzu."

Yaya yana kallon bakina yana murmushi, yana jiran ya ji ranar da za a aiko mota. Ina iya sassautawa, na saba yi masa haka a cinikin doya. Ban sassauta ba. Na ba shi maganar da Hausa yadda aka ba ni, har da matan da suka toshe kunne, kuma ban taɓa nadamar haka ba. Ya cire hularsa ya mayar. Ya ce na ce wa mai ogene yaƙi ne, kowa ya yi abin da bai so ba. Na faɗa. Mai ogene ya gyaɗa kai ya ce haka ne, ya juya ya auna wa wata mata gawayi. Da za mu tafi ya tambaye ni ko ina riƙe da amshina. Na ce ina riƙe da shi. Ya ce Baba mutumin kirki ne.

Mun je maƙabarta kafin mu bar garin. Ciyawa ta rufe komai, ba mu gane kabarin ba, muka tsaya daga bakin hanya muka yi addu'a. An yi taron ba waƙar Baba. Yaya ya haɗa wata sabuwa da 'yan makaranta riƙe da tutoci, manya suka tafa, aka ƙara masa girma. Ya yi shekaru masu yawa a kujerar. Ya gina dandali, ya kai makaɗa ƙasashen waje, ya sa an ɗauki muryoyin tsofaffin mawaƙa kafin su mutu, kuma wannan aiki ne mai kyau, ba zan hana shi ba. Duk wanda ya zo yi masa tambaya a kan rayuwarsa, da waƙar sojan nan yake farawa, shi kuma ya gyara zama ya ba da labarin yadda ta zo masa cikin kwana kaɗan. Ni da shi ba mu ƙara tayar da zancen Inugu ba. Muna zumunci, muna gaisawa, 'ya'yanmu sun tashi tare.

Sai da ya tsufa, ciwon ƙafa ya zaunar da shi, ya aiko a kira ni wata rana bayan la'asar. Na same shi a kan tabarma, an ajiye masa shayi a faranti. Ya sallami jikokinsa, ya yi ta kewaye-kewaye a kan ruwan sama da tsadar hatsi, sannan ya ce, "Ƙanwata, ajiyata fa?"

Na daɗe ina tanadin abin da zan ce masa idan ranar ta zo, maganganu masu zafi, na jera su tsaf. Da ta zo sai na ga ajiya ajiya ce, mai ita ya tambaya, kuma ni ma na gaji da ɗauka. Na ce masa nawa ba ya shiga sai an buga, don haka ya buga mini na shiga. Ya jawo farantin, ya ɗauki cokali, ya rufe ido kamar yadda yake yi a zaurenmu na Ogui. Ya fara bugawa. Na ja numfashi, na shirya, ina jiran bugu mai nauyi da ɗan tsayawar da ke bayansa. Hannun bai tsaya ba. Takun soja ne yake fita. Na ce ya rage sauri. Ya rage, sai ya zama takun soja a hankali. Ya sake, ya sake, zufa ta keto masa, ni kuma bakina a buɗe ina neman inda zan shiga.

Ya ajiye cokalin ya ce, "Ai haka yake."

Na ce, "Ba haka yake ba, Yaya."

Ya dube ni, ya tambaye ni yadda yake. Na ɗauki cokalin, amma ni ban taɓa bugawa ba, shiga kawai aka koya mini. Muka zauna da farantin a tsakaninmu har aka kira magariba, na tashi na ɗauko masa buta.

Ya rasu a damunar shekarar. An yi ta sa waƙar sojan a rediyo don tunawa da shi, na kashe nawa. Amshin yana nan a bakina, ban manta ko kalma ɗaya ba, kuma har yau ban yi wa Baba kukan nan ba.